Ranar da Zumuntar Mata Ta Share Mini Lambobi

Aikin jirgin ƙasa ne ya koya mini waya. Na yi shekaru ina bin layin tangarahu tsakanin Kafanchan da ƙananan tashoshin da ke kewaye, ina hawa turke, ina gyara tarhon ofishin tasha, har yatsuna suka daina jin zafin dalma. Shi ya sa da ikilisiyarmu ta samu kyautar kayan ɗaukar murya, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, dattawa ba su yi wata doguwar shawara ba. Suka aika aka kira ni, suka nuna mini kayan a jibge a bayan majami'a, suka ce ga aikina nan. Na ce musu ban taɓa leƙa situdiyo ba a rayuwata. Suka ce ai waya waya ce.

Kyautar tana da sharaɗi. Babban ofishinmu da ke Jos ne ya karɓi kayan daga ƙasar waje, mutanen can kuwa sun fi so a kafa su kusa da su, inda akwai masu gyara. Dattawanmu suka yi ta zarya suna roƙo, har aka gaji aka ce to, a gwada mu. Za a ba mu kayan mu haɗa, injiniya ya zo ya duba. In ya tarar aiki ya yi, kaya sun zama namu. In ya tarar da shirme, ya kwashe su ya koma da su, ba sauran wata magana.

Kafin wannan lokacin, in ana son waƙa don shirin rediyo, matasa kaɗan ake zaɓa su je Jos su rera da Hausa su dawo. Tsofaffin matan da suka san waƙoƙin yarenmu ba mai ɗaukarsu. Mahaifiyata tana cikinsu. Ita ce uwar zumuntar mata a lokacin, muryarta kuwa in ta ɗaga a majami'a ana jinta har bakin titi. Ta sha ce mini burinta ɗaya ne kafin ta bar duniya, 'yan'uwanta na ƙauye su buɗe rediyo su ji yabon Ubangiji da yaren da aka haife su a ciki. Matan Kwoi da na Kagoro su ma haka suke faɗa game da nasu. Kowa ya sa rai a kan ɗan ɗakin nan, ni kuwa aka ɗora wa.

Tsohon sito ne muka raba biyu da bango mai kauri, muka bar taga ta gilashi a tsakani. Gefe ɗaya na mawaƙa, muka lulluɓe bangonsa da tabarmi da barguna don kada murya ta riƙa amsa kuwwa. Ɗaya gefen nawa ne, nan rikoda take, da miksa, wato na'urar da ke karɓar muryoyi daga kowane makirufo ta daidaita su. In an rufe ƙofa, ko ihu mutum ya yi a wancan gefen sai dai ka ga bakinsa yana motsi.

Wayoyin da ke haɗa ɗakunan biyu sun haura talatin, duk ta cikin bututu ɗaya suka bi a ƙarƙashin daɓe. Dukansu baƙaƙe ne, kauri ɗaya, kamar an haife su rana guda. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na makirufo, akwai na lasifika, akwai na abin sawa a kunne, akwai kuma wadda ke kai wuta ga jar fitilar da ke bisa ƙofa. In ka kuskura ka soka wannan ta ƙarshen a miksa, ka gama da miksa. Da zarar waya ta shige bututu kuma ido ba ya iya binta. Saboda haka doka ɗaya ce a wannan sana'ar: kafin ka zura waya, ka ba ta lamba, ka rubuta lambar a bakinta na nan da bakinta na can. Haka na yi. Na yayyanka takarda ƙanana, na rubuta, na manna da salatef. Damina ce, danshi yana ɗaga salatef ɗin, tawada tana jiƙewa, takardun suka yi dauɗa suka nannaɗe, amma ina iya karanta su, kuma ni kaɗai ke buƙatar karantawa.

Aiki ɗaya ya rage. Kawunan ƙarfe da ake sa wa bakin waya sun makara a hanya, sai a makon zuwan injiniya suka iso. Na ce gobe in zauna in bi lambobi in liƙa su da dalma, jibi baƙo ya sauka ya tarar da kome tsaf. Na kulle ɗaki, na kai wa fasto mabuɗi kamar kullum, na tafi wurin aikina.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne al'adar matanmu. A wurinmu in babban baƙo zai zo, zumuntar mata ba ta jiran a ce mata kome. Da sassafe za ka gan su da tsintsiya da bokiti da tsumma, su share, su wanke, su goge, su cire yanar gizo, su tsige ciyawa, duk abin da ya yi kama da datti ba ya kwana. Ba a hana su, don hana su cin fuska ne. Fasto ma da suka nemi mabuɗi bai yi tunani sau biyu ba.

Washegari da hantsi na iso da jakar kayan aikina, na tarar da ƙofa a buɗe, ƙamshin sabulu yana tashi. Daɓe yana walƙiya. Gilashi kamar babu shi. Wayoyina kuwa, na wannan ɗakin da na wancan, an zazzare waɗanda na riga na soka, an goge kowace da tsumma, an jera su reras, dogaye gefe guda, gajeru gefe guda. Babu ko takarda ɗaya a jikinsu. Na leƙa waje, na hango hayaƙi yana tashi daga juji.

Mahaifiyata ta shigo tana share hannu da gefen zane, fuskarta cike da jin daɗi, mata suna biye da ita su ga yadda zan yi murna.

"Ɗana, mun gyara maka shi tas," in ji ta. "Wannan takarda-takarda da ya manne a jikin igiya, duka mun cire shi. Baƙo ba zai zo ya ce mutanen Kafanchan ƙazamai ne ba."

Kaina ya ɗau zafi. Ni mutum ne mai saurin fushi, abokan aikina sun sani, da wani ne ya yi mini wannan da sai an riƙe ni. Amma uwa ce, ga kuma ƙawayenta da suka goya ni. Na ajiye jaka a hankali, na fita na je ƙarƙashin mangwaro na tsaya ina kallon ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka taru mini. Na san abin da ke gabana. Mutum ɗaya, in zai gano wace waya ce wace, sai ya haɗa baki a wannan ɗakin, ya zagaya wancan ya yi ta gwadawa da batir da ƙwan tocila har ya dace, ya dawo ya kama ta gaba. Ga liƙa kawuna, ga gwajin murya. Ko ban ci abinci ba, jirgin baƙo zai riga ni.

Ba ta bar ni na daɗe ba. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta koma yarenmu, ta tambaye ni abin da suka ɓata. Na yi mata bayani kamar yadda zan iya. Na ce takardun nan sunayen wayoyin ne, yanzu duk sun zama marasa suna, in kuwa ban mayar musu ba kayan nan Jos za su koma. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta tambaye ni hannu nawa aikin yake so. Na ce ba hannu ne matsalar ba, ƙwan gwaji ɗaya gare ni. Ta ce in babu ƙwai fa, yaya ake sanin batir yana da rai?

Na tsaya ina kallonta. Duk wanda ya taɓa riƙe rediyo a ƙauye ya san amsar. Da harshe ake sani.

Na koma ciki da sauri. Na kashe wutar ginin daga babban makunni, na zare fis na jefa a aljihu don kada wani mai son taimako ya mayar. Na ɗauko ƙaramin batir na rediyo. Na jera mata a ɗakin mawaƙa, na miƙa wa kowace bakin waya ɗaya, na ce ta ɗora zaruruwan ƙarfen nan biyu a kan harshenta ta jira. Ni zan koma bayan gilashi in taɓa batir a waya ɗaya. Wadda ta ji ɗan tsami yana cizon harshenta ta ɗaga hannu. Suka dubi juna. Wata dattijuwa daga Gwantu, wadda ta zo taya aikin, ta ce ita ba ta zo Kafanchan don wuta ta kashe ta ba. Mahaifiyata ta goge tata wayar da zane ta sa a baki. Sauran suka bi.

Har yau in na tuna abin da na gani ta gilashin nan sai na yi dariya. Iyaye mata masu jikoki, a tsaye a layi, kowace da baƙar waya a baki, ido a zare. Matar Gwantu ta yi tsalle ta ɗaga hannu tun ban ma ɗauki batir ba. Da na taɓa ta farko, wata can ƙarshen layi ta zabura, ta tofar da wayar, ta ɗaga hannu biyu. Ban ji kome ba saboda bango, amma na ga ɗakin gaba ɗaya ya kece da dariya. Daga nan abin ya zama wasa. Ina taɓawa, hannu yana tashi. Wadda aka samu tata sai ta koma gefe tana riƙe da ita gam, ni ma in ba wata ta riƙe nawa bakin. Fasto ya leƙo a tsakiyar wannan hali, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalle mu, ya juya ya tafi bai tambayi kowa ba.

Da na ɗauko almakashi zan yanka sabuwar takarda, mahaifiyata ta riƙe mini hannu.

"Kar ka sake sa wannan abu," ta ce. "Mu mun sani yanzu, amma wata sati matan wani unguwa ne zai zo shara. Zai cire shi kuma. Ka sa abin da in mace ya gani zai san ado ne."

Gaskiyarta ce, kuma ta ba ni haushi da ta riga ni ganinta. Na zauna a kan benci ina tunani, idona ya faɗa kan wata da ke saƙa hular jariri tana jiran a sallame su. A sana'armu akwai wani tsari da kowane mai gyaran rediyo ya haddace, inda launi ke tsayawa a madadin lamba. Baƙi sifiri ne, ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu, ruwan goro uku, rawaya huɗu, kore biyar, shuɗi shida, haka har fari, tara. Da shi ake karanta ƙananan kayan cikin rediyo. Na ce su kawo mini zaren saƙa, kowane launi da suke da shi.

Kafin azahar zare ya taru a kan tabarma. Launi biyu ne suka gagara, shunayya da ruwan toka, don ba mai saƙa wa jariri irinsu. Aka tura mata biyu kasuwa wurin wani tsoho mai sayar da zaren hula, Musulmi ne, kakanninsa ma a kasuwar nan suka yi ciniki. Da suka faɗa masa abin da za a yi da shi, sai ya zazzage buhunsa har ƙasa ya nemo musu, ya ce in an fara sa waƙar a rediyo a gaya masa ranar.

Na koya musu launukan sau ɗaya, na ga ba ya zama. Sai wata daga Kagoro ta ɗora su a kan kari, tana bayarwa ana amsawa, baƙi babu, ƙasa ɗaya, ja biyu. Kafin in gama hura wutar dalma sun fi ni iyawa. Ina kiran lamba, mai riƙe da bakin nan da mai riƙe da bakin can su naɗa zobe na zare, su ƙulle irin ƙullin da ba ya kwancewa, ni kuma in bi baya in liƙa kai. Lamba mai harafi biyu zobe biyu. A nan ne muka kusa yin ɓarna. Sha biyu ruwan ƙasa ne da ja, ashirin da ɗaya kuma ja ne da ruwan ƙasa, ya danganta ta inda ka fara karantawa. Matan wancan ɗakin sun fara daga bakin waya, na ɗakina sun fara daga ciki. Allah ya sa na lura tun ba a yi nisa ba. Na yi ɗan faɗa, suka ce ai ban faɗa musu ba, kuma ban faɗa ba ɗin. Muka tsayar da doka, daga baki ake farawa, aka kwance waɗanda suka juye aka sake. Rana ba ta faɗi ba sai da na soka waya ta ƙarshe, na mayar da fis, jar fitila ta kama a inda ya kamata.

Washegari injiniya ya sauka a jirgin safe. Dogo ne, ba ya yawan magana, da sukudireba a aljihun gaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan da aka sauke tare da shi, manyan akwatunan katako, babu kome a ciki sai ciyawar shimfiɗa. Ya zo da shirin kwashewa. Aka jera su a ƙofar majami'a, matan zumunta da suka yi anko suna zaune a inuwa da tulunan kiɗansu suka bi akwatunan da ido.

Ya shiga ɗakina, bai taɓa rikoda ba, bai dubi miksa ta gaba ba. Ya zagaya baya ya durƙusa, don mai sana'a ya san a nan ake ɓoye shirme. Ya daɗe a durƙushe. Na ga ya kama waya ɗaya ya juya ta, leɓensa yana motsi, ya ce sha bakwai. Ya kama wata ya ce ashirin da uku. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaya wa ya naɗa wannan. Na nuna masa ta gilashi. Sai ya sa hannu ya zazzare wayoyi da yawa daga miksa, ya cakuɗa su, ya zubar a ƙasa, ya ce in mayar. Na mayar ina hira da shi. Ya je ɗakin mawaƙa ya bi kowane makirufo yana ƙwanƙwasawa da yatsa, ni kuma ina nuna masa allurar awon murya da ta motsa a kan miksa. Ko ɗaya bai saɓa ba.

Sai ya ce a shigo da mawaƙa. Suka shigo, aka rufe ƙofa, jar fitila ta kama. Mahaifiyata ta ba da waƙa da yarenmu, tulu ya amsa, sauran suka ɗauka. Na sa abin ji a kunne, muryarta ta shigo mini tsakiyar kai, tas, babu ƙara babu gurnani. Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba a kan wani aiki, hannuna yana kan miksa amma da ƙyar nake ganin allurai. Da suka gama, injiniya ya mayar da tef baya ya sake shi ta lasifika. Yawancinsu ba su taɓa jin muryar kansu ba. Wasu suka rufe baki, wasu suka fashe da kuka, matar Gwantu ta rantse ba ita ce ke wannan tsiwar a baya ba. Mahaifiyata ta saurara har ƙarshe da kai a sunkuye, sannan ta ce masu amshi sun yi gaggawa, a sake. Aka sake.

Da la'asar injiniya ya tsaya gaban dattawa ya ce kaya sun zauna. Ya ce tef ɗin nan ma da shi zai tafi, a sa a shiri. Guɗa ta tashi har tsuntsaye suka bar mangwaro. Fasto ya ce bari a nemo mota ta kai akwatunan tasha.

"A'a, Baba Fasto," in ji mahaifiyata. "Mu ne za mu kai shi da kanmu. Mu gani da ido ya shiga jirgi."

Suka yi gammo, suka ɗora akwatunan a ka, suka kama hanyar tasha cikin anko, injiniya yana tafe a tsakiyarsu yana ta murmushi ya rasa yadda zai yi. Ni ina baya. Mahaifiyata ce a gaba da akwati mafi girma, ta miƙa hannu sama ta buga gefensa, ya yi amo don ba kome a ciki. Ta sake bugawa, na bayanta suka ɗauka, kiɗa ya tashi. Haka muka ratsa ta gaban kasuwa, mutane suna fitowa daga rumfuna suna tambaya me aka ɗauko. Ita kuwa duk wanda ya tambaya sai ta ce masa babu kome a ciki, ta ci gaba da rawa.